Wasiƙa ga abokan cinikinmu game da haɗa mazaunin da ke kare garmaho daga girgiza

Ya ku abokan cinikinmu masu daraja,

Muna gaishe ku tare da godiya bisa amanar da kuke ba mu ta gyaran kayan sautinku. Dalilin wannan wasiƙa shi ne, da yawa daga cikin garmahon da ake kawo mana da ƙorafin cewa allura tana tsallake layi ko sauti yana gurnani, idan muka gwada su a kan teburinmu sai mu tarar lafiyarsu ƙalau. Laifin na wurin da aka ɗora su ne, kuma maganinsa abu ne da za ku iya haɗawa da hannunku.

Allurar garmaho ba ta bambance girgizar da aka rubuta a kan faifai da wadda ta biyo ta ƙafar tebur, don haka idan sifika ta girgiza daɓe, girgizar takan hau zuwa allura, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, ta sake fitowa daga sifikar. Amfilifaya mai kwalabe, wato irin ta da mai aiki da kwalaben lantarki na gilashi, ita ma tana jin wannan girgiza, amma na'urorin dijital ba mu ga abin da zai sa ku wahalar da kanku a kansu ba.

Mazaunin ba komai ba ne illa abu mai nauyi a kan abu mai laushi, sai dai a nan ne akasarin masu haɗawa suke kuskure. Kowane irin wannan haɗi yana da nasa saurin lilo, wato sau nawa yake yin sama da ƙasa a sakan idan aka taɓa shi, kuma ba ya fara tare girgiza sai wadda saurinta ya ninka nasa sau 1.4; wadda ta zo daidai da nasa kuwa ƙara ta yake yi. Hanyar ganewa ita ce a auna yadda abin mai laushi ya lotsa bayan an ɗora masa kaya. Idan ya lotsa milimita 1 kacal, lilonsa yana kusan sau 16 a sakan, wato bai tare komai ba sai daga sau 22 zuwa sama. Idan ya lotsa santimita 1, lilon ya sauka zuwa kusan sau 5, kuma abin da ake nema ke nan, domin hannun allura da kansa yana lilo tsakanin sau 8 zuwa 12 a sakan, mazaunin da ya faɗa cikin wannan tazara kuwa gara babu shi. Shi ya sa ɗan siririn falle na roba mai tauri, wanda mutane suka fi saurin shimfiɗawa, ba ya haifar da ɗa mai ido, domin ba ya lotsawa sosai.

Abin da muka fi amincewa da shi shi ne tiyub ɗin ƙaramin keke da aka hura wa iska kaɗan, yadda yatsa zai lotsa shi ba tare da wahala ba, a kwantar da shi cikin akwatin katako mara zurfi, sannan a ɗora falle mai nauyi a kai ba tare da gefensa ya taɓa bangon akwatin ba, garmahon kuma ya zauna a kan fallen. Marmara tana da nauyi, amma idan kun ƙwanƙwasa ta za ku ji tana amo, saboda haka mun fi son falle 2 na katakon MDF (wanda ake yi da garin katako da aka matse da gam) da aka manne da roba a tsakaninsu. Tun da gefen da injin garmahon yake yakan fi nauyi, ku matsar da tiyub ɗin har lebur ɗin magina ya nuna daidai ta kowace fuska, kuma ku riƙa dubawa lokaci-lokaci, domin iska tana zurarewa a hankali. Ku kuma sassauta wayoyin, don waya mai tauri tana iya zama gadar da girgiza za ta tsallako.

Idan daɓenku na katako ne mai motsi da takun mutum, wannan mazauni ba zai wadatar ba, domin saurin girgizar takun ƙafa bai kai wanda zai iya tarewa ba. Kanta da aka kafe a jikin bangon bulo ta fi. Wanda ya gwada duk wannan gurnanin bai tafi ba, ya kawo mana na'urar mu duba injin da bel ɗinta.

Naku da girmamawa,
Ma'aikatan sashen gyara