Matasan Kano na son siyasa, sanin yadda ake zaɓe ne ya yi musu ƙaranci

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili mu yi magana a kan abin da ake yawan faɗa, wai matasan yanzu ba ruwansu da siyasa. A ganinmu wannan magana ba ta kama Kano daidai ba. Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Kurna ko Gwammaja bayan sallar isha'i ya san siyasa ce abincin hira. Yaro ɗan shekara ashirin zai lissafo maka wanda ya sauya sheƙa jiya da wanda ya yi wa ubangidansa butulci. Amma ka tambaye shi lambar rumfar zaɓensa, ko sunan mai wakiltarsa a majalisar dokokin jiha, sai ya yi shiru. A nan ciwon yake, kuma a nan ƙuri'u suke mutuwa.

A zaɓen 2023 mutum kusan miliyan 5.9 ne ke cikin rajistar masu zaɓe a jihar Kano, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ranar zaɓen shugaban ƙasa, 25 ga Fabrairu, ba su kai miliyan biyu ba. Sama da mutum miliyan huɗu ke nan ba su dangwala ba. A faɗin Najeriya kuwa, kusan kashi 40 cikin 100 na masu rajista a lokacin 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. Da yawansu in ka matsa musu sai su ce ai an riga an gama, ƙuri'a ɗaya ba ta canja komai. To, a tuna da 2019. Bayan inkonkulusib, wato aka ce zaɓe bai kammala ba, da zaɓen cike gurbi, tazarar da ta raba kujerar gwamnan Kano ƙuri'a 8,982 ce. In ka raba ta a kan mazaɓu 484 da jihar ke da su, ba ta cika ƙuri'a ashirin a kowace mazaɓa ba. Majalisar samari guda ɗaya ta ƙofar gida ta fi haka yawa.

Sai dai ba duk wanda bai yi zaɓe ba ne ya ƙi fita da gangan. Da yawa tun wajen rajista suka faɗi. Wani an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, an ba shi 'yar takardar wucin gadi, ya ajiye ta a aljihu yana ganin ya gama, bai koma ya karɓi katin dindindin ba. Wani kuma katinsa ne ya ɓata, ko ya tashi daga Dala ya koma Sheka, maimakon ya nemi a sauya masa kati ko a mayar da sunansa sabuwar rumfa, sai ya sake shiga layi ya yi sabuwar rajista. Na'ura tana gane fuska da yatsu, sabuwar rajistar ba ta tsayawa, kuma laifi ne a doka. Kafin zaɓen 2023 hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta soke sabbin rajista sama da miliyan 2.7 a faɗin ƙasa, akasari saboda wannan maimaici.

Maganar sauya rumfa tana da nauyi fiye da yadda ake ɗaukarta, domin ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar ababen hawa. Wanda rumfarsa ke Rijiyar Lemo, shi kuma yana kwana a Hotoro, ba adaidaita sahun da zai kai shi. Ɗalibai ma haka ta same su a 2023: an rufe jami'o'i domin zaɓe, duk wanda ya yi rajista a kusa da makaranta ya koma gida ya bar rumfarsa a baya. Ga kuma ƙarin rumfunan da aka yi a 2021, wanda ya sa aka kwashe sunayen wasu daga tsohuwar rumfa zuwa sabuwa. Mutum ya sha rana a layi, ya iso gaban BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, a ce masa ba sunansa a nan. Duba suna a jerin da hukumar ke liƙawa, ko a shafinta na intanet, aikin minti biyar ne, amma ana yin sa ne makonni kafin zaɓe.

A cikin rumfar ma akwai inda ake asara. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da hoton ɗan takara ko sunansa, alamar jam'iyya ce da haruffanta kawai. Ranar zaɓen shugaban ƙasa takarda uku ake ba mutum, ta shugaban ƙasa da ta sanata da ta ɗan majalisar wakilai. Ranar zaɓen gwamna biyu ce. Wanda ya cika yatsansa da tawada har ta malala ta taɓa gidan wata jam'iyyar, ko ya dangwala a kan layin da ya raba gida biyu, ko ya ninke takardar tawada na danye ta shafi wani wurin, ya jefa ƙuri'arsa cikin haɗarin a ware ta cikin lalatattu. Kuma 'yan kaɗan ne suka san cewa in ka yi kuskure kafin ka saka a akwati, kana da ikon mayar wa jami'in zaɓe ya soke ta ya ba ka wata.

Abin da muka fi son ka jaddada wa masu karatunka shi ne bayan takardar. Kafin a miƙa maka, jami'in rumfa, wanda galibi ɗan hidimar ƙasa ne, zai buga hatimi a baya, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata. Juya takardar ka gani da idonka. Kanawa sun fi kowa sanin darajar wannan. A watan Satumba na 2023 kotun sauraron ƙarar zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 daga na wanda aka sanar ya ci zaɓen gwamna a kan wannan batu na hatimi da sa hannu, alhali tazarar da hukumar zaɓe ta sanar 128,897 ce. Sai da aka kai Kotun Ƙoli, ta mayar da ƙuri'un ranar 12 ga Janairu, 2024. Ko wane ɓangare mutum yake, ya ga yadda jiha guda ta yi wata da watanni cikin zullumi a kan abin da mai zaɓe zai iya dubawa cikin daƙiƙa biyu.

Iyayenmu suna cewa game da ƙuri'a: a kasa, a tsare, a raka. Tsarewar nan ilimi take buƙata, ba gora ko wuƙa ba. Ana ƙirga ƙuri'u a fili a gaban kowa, a rubuta a fam ɗin EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, wakilan jam'iyyu su sa hannu su karɓi kwafi, a liƙa sakamakon a rumfa. Lamba biyu mai tsaron ƙuri'a zai riƙe: yawan waɗanda na'ura ta tantance da yawan takardun da aka samu a akwati. In takardun suka zarce, soke sakamakon rumfar ake yi gaba ɗaya. Saboda haka matashin da aka ba 'yan kuɗi ya cusa ƙuri'un bogi, ko ya fasa akwati, ƙuri'ar mahaifiyarsa da ta maƙwabtansa ya ƙona.

Sannan akwai rashin sanin aikin kowace kujera. Za ka ji ana zagin shugaban ƙasa a kan kwatar unguwa da ta toshe, ba wanda ya san kansilan mazaɓar. 'Yan majalisar jiha 40 ne ke amincewa da kasafin kuɗin Kano kowace shekara, amma yawancinsu a guguwar sak, wato zaɓen jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, suke shiga, ba a tambaye su komai ba. Zaɓen ciyaman da kansila ma ba INEC ke shirya shi ba, hukumar zaɓe ta jiha ce, KANSIEC, kuma matasa da yawa ba su san da bambancin ba. Tun 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, duk da haka samarinmu sun fi ganin kansu a matsayin masu liƙa fasta da raka ɗan takara. A garin da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, inda Malam Aminu Kano da mutanensa suka bi talaka lungu-lungu suna koya masa haƙƙinsa, wannan abin damuwa ne ƙwarai.

Roƙonmu gare ka, Edita, shi ne jaridarka ta ware shafi ɗaya kowane mako, kuma ka ja hankalin 'yan uwanka na gidajen rediyo, inda sojojin baka suka cika dare, su ba da ko minti goma. A buga hoton takardar ƙuri'a gaba da baya, a nuna inda hatimi yake zama. A buga samfurin fam ɗin EC8A a yi bayanin kowane gurbi da Hausa. Duk lokacin da aka buɗe rajista ko rabon kati, a sanar da ranar farawa da ta rufewa da ofishin da za a je a Fagge, Gwale, Dala, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso, Ungogo da Birni da Kewaye, tun da sauran lokaci.

Allah ya taimake ka, ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wasu malaman makaranta masu bibiyar harkar zaɓe, Birnin Kano