Wasiƙa zuwa ga abokina a Kumasi

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Shirun ya yi yawa, har Inna ta fara tambaya ko ka manta hanyar gida ne.

Labari ne ya cika mini ciki. An mayar da ni sashen tsara kasafin kuɗi, kuma tun da na shiga, rahoton talauci da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta fitar a Nuwamba 2022 bai bar hannuna ba. Ba kuɗin aljihu suka auna ba. Gida-gida aka bi ana tambayar ko yara na zuwa makaranta, da nisan asibiti, da irin ruwan da ake sha, da abin da ake hura wutar girki da shi. Aka tarar mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. A Sakkwato kashi 91 ne, a Ondo kuwa 27. Ƙasa ɗaya fa, Malam!

Ka tuna 2014, da aka sake lissafin arzikin ƙasa aka ce mun wuce Afirka ta Kudu, ka cika mana majalisa da murna? Bazazzagi da son kuri! Wancan lissafi jimilla ce kawai, ba ta nuna gidan da aka ɗora tukunya da gidan da tukunyar ke kife.

Af, autanmu ya angwance bayan Babbar Sallah, kowa ya zo sai kai. Mai shayin bakin tasha ma yana gaishe ka, ya ce bashin nan bai yafe ba.

Abin da ke damuna shi ne ma'aunin kansa. A 2023 an sauya yadda ake ƙirga marasa aiki, wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya zama mai aiki, adadin ya sauko daga kashi 33 zuwa kusan 4. Tsarin duniya ne, na yarda, amma gwamnan da ya dogara da wannan kaɗai zai ɗauka matasa sun samu abin yi. Ga shi rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006, hasashe muke ta rabawa.

Ni dai na dage a ofis: kuɗin rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani su bi inda alƙaluma suka nuna an fi shan wahala, ko da wurin ba shi da ɗan majalisa mai baki. Wasu sun fara saurare, ka taya ni da addu'a.

Ku can Ghana kun yi ƙidaya a 2021. Don Allah ka bincika mini ko ta canja yadda ake raba wa gundumomi kuɗi, musamman unguwannin zango. Kuma ka turo hoton jaririyar da ka yi alkawari.

Ka gaishe da mutanen gida duka.

Naka har kullum.