Wasiƙa kan ɗaliban da za su koyi kiwon kifi a dogon hutu

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da niyyarka ta haɗa ɗaliban babbar sakandare da masu kiwon kifi a wannan hutun.

Mako shida na hutun ba ya isar tarwada ta kai girman sayarwa, sai ta yi wata huɗu zuwa shida. Saboda haka kada a yi wa yaran alkawarin riba. Awo da rubutu za a koya musu, don a nan ne yawancin masu kiwo suke tafka asara. Kowane malami ya riƙe yara uku ko huɗu, da tankin tampol ɗaya, da sikeli, da littafi.

A sayo 'ya'yan tarwada da suka kai giram 10, sun fi ƙanana juriya. Ranar da aka kawo su kada a ba su abinci, kuma a riƙa zuba ruwan tankin cikin mazubinsu kaɗan-kaɗan kafin a juye su. In ruwan famfo ne, ya kwana biyu a buɗe saboda sinadarin kulorin. Sabon tankin siminti kuwa kashe kifi yake yi in ba a jiƙa shi an wanke sau da yawa ba.

Lissafin abinci su yi da hannunsu. Kifi 200 masu giram 10 sun zama kilo 2, kashi 5 cikin ɗari na wannan giram 100 ne a rana, a raba uku. Duk mako a kamo ashirin a auna, a sake lissafi. Yaro yana jin daɗin ganin kifi na rububi, sai ya yi ta watsawa, ragowar ta ruɓe a ƙasa. Da ruwa ya fara wari, ko kifi ya ƙi ci yana tsaye a sama, a dakatar da abinci a sauya rabin ruwan. Duk mako biyu a ware manya, domin tarwada tana cin 'yar'uwarta, sai a ga adadi yana raguwa ba a ga gawa ba.

Ranar zuwa wurin masunta a nemi izinin Sarkin Ruwa da na iyaye, kowa ya sa rigar kariya a kwalekwale, kuma kada su shiga ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya.

Wanda ka ga ya dage, ka gaya masa akwai kwalejin tarayya ta fasahar kifi a New Bussa, kusa da tafkin Kainji, da cibiyar binciken kifi a garin. 'Yan mata ma a sa su, don Allah.

Ka gaida Malama da yara.

Naka amini.