Ba Kowane Girman Gauta Ne Ake Gada Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shekara tara ina ajiye irin gauta da hannuna, kuma na daɗe ina kuskure ɗaya: in na ga gindin da ya fi cika da 'ya'ya, shi nake bari ya nuna na ɗebi iri. Daminar gaba sai ya ba ni kunya. Ashe gindin kusa da tulin taki ya tsiro, yawan nasa na abinci ne, ba na jini ba.

Masu binciken iri sun bambanta halin da shuka ke gada da wanda ƙasa da ruwa ke ba ta. Siffar ɗan gauta, launinsa da tsawonsa suna bin iri sosai. Yawan amfani kuwa ƙwayoyin gado da dama ke haɗuwa a kansa, yanayi kuma yana juya shi yadda ya so.

Sai irin da kamfanoni ke aurarwa, wanda ake rubuta wa F1. Na taɓa ajiye 'ya'yansa, suka fito kowa da kamarsa, dogo, ƙulalle, har da mai ƙaya. Abin da Mendel, wani Bature masanin gadon halitta, ya gani ke nan a wakensa, ya wallafa a 1866. Don Allah malaman gona su riƙa faɗa mana wannan kafin mu saya.

Naku,
Wani manomin lambu