Wasiƙa daga Agege: ka aiko mini da asubar gida

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da amarya da yara. Ya damina? Na ji an ce gero ya fara fitar da kai a wajenku, Allah ya sa a girbe lafiya. Na san kana cike da ni saboda shirun da na yi wata biyu. Ka yi haƙuri, wani aiki ne ya sha kaina, kuma shi ne ya sa yau na zo maka da ƙoƙon bara.

A zangon nan malaminmu na aikin jarida ya raba mu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar, ya ce kowane rukuni ya kawo gajeren fim da bai wuce minti 6 ba. Ka san ni da raini, na ce minti shida ai kafin shayi ya huce an gama. Ashe a kowace daƙiƙa hotuna 25 ne ke wucewa ta gaban ido, ka ga minti shida hoto 9,000 ke nan, kuma kowanne sai ka san dalilin zamansa.

A rukuninmu ni kaɗai ne Bahaushe: Yarbawa uku, da wata yarinya Ibo wadda ita ce mai kamara, don duk ta fi mu ido. Mako guda muka yi muna gardamar labari. Ɗaya na son na soyayya, ɗaya na son na 'yan fashi da bindigar roba. Ni kuwa na ce mu je mu ɗauki Baba mai shayin layinmu, wanda ya shekara fiye da talatin yana kafa tebur kusa da titin jirgi. Na ba su tarihin yadda cinikin goro ya zaunar da kakanninmu a Agege tun zamanin Turawa, har aka yi zango, aka yi sarauta. Ba tarihin ne ya ja su ba, wallahi. Na kai su ne suka ci burodin Agege da ƙwai, suka ga yadda Baba ke sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, hannu sama, ko ɗigo ba ya zuba. Nan take mai kamara ta ce da wannan za mu buɗe.

Shawo kan Baba ya fi komai wuya. Cewa ya yi shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne, kada jikokinsa su gan shi a waya yana rawa. Sai da na bi ta hannun limamin masallacinmu, na rantse babu kiɗa babu rawa, sannan ya ce to, amma kada a hana shi sallamar masu saye.

Muka yi karo-karo, muka je Computer Village da ke Ikeja muka sayo katin ajiya da ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga. Muka zana kowane sin, wato kowane yanki na fim ɗin, a takarda, muka rubuta ranar farko kaza, ta biyu kaza. Takardar nan tana nan a jakata, ruwan watan Yuli ya jiƙa ta har rubutun ya narke.

Hoto bai ba mu matsala sosai ba. Kuskure ɗaya muka tafka: muka ɗauki Baba da wani direban danfo, wato bas ɗin haya na Legas, suna hira, sai mai kamara ta tsallaka ɗaya gefen teburin a tsakiyar zance. Da muka zo haɗawa sai ga su duk suna kallon gefe guda, kamar masu gaba. Akwai ƙa'idar da aka koya mana a aji, cewa ka ja layi tsakanin masu magana biyu ka tsaya a ɓangare ɗaya, amma sai da muka gani da idonmu ta zauna mana. Haka kuma ranar farko hular Baba zanna ce, rana ta biyu ya zo da ta sanyi. Dole aka aika yaro gida ya ɗauko waccan.

Sauti ne ya kusa kashe mu. Aminina, Legas ba ta yin shiru. Kunnenka ya saba ne kawai, amma makirufo ba ya sabo. Ranar da na sa abin ji a kunne, sai na ji garin da nake zaune shekara huɗu kamar yau na sauka. Janareton mai aski, kwandasta na kiran Oshodi, hon ɗin motoci daga kan gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021, ga jirgin Ibadan, ga kuma jirgin cikin gari da ya fara aiki a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, duk ta bayan teburin Baba suke bi. Daidai lokacin da tsohon ya sunkuyar da kai ya fara ba da labarin ranar da ya baro gida da jaka ɗaya, muryarsa na rawa, sai jirgi ya danno. Na ce ya maimaita. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai ba karatun allo ba ne." Washegari muka dawo bayan sallar asuba, muka roƙi mai aski ya jinkirta tayar da injinsa, muka tafa hannu gaban kamara don mu samu inda za mu daidaita murya da hoto. Ya sake faɗa, amma bai kai na jiya ba.

Tacewa kuma a ɗakina ake yi, da wani shirin kwamfuta na tace fim mai suna DaVinci Resolve, saboda kyauta ne. Sai dai ya fi ƙarfin kwamfutata, tana zafi kamar kaskon tsire. Wani dare aka ɗauke wuta ban adana ba, aikin awa uku ya tafi. Abin da muka ɗauka ya kusa awa biyu, ka ga yanka ake yi ba tausayi. Sai rigimar fassara a ƙasan hoto. Baba ya ce, "Zaman Kurmi sai haƙuri." Abokan aikina suka ce in mayar da shi Turanci cikin kalma huɗu. Yini guda na yi, duk abin da na rubuta sai in ga ya zama lami. A ƙarshe dai na nace muka bar ɗaukar farko, wadda jirgi ya ratsa. Rabin maganar ta nutse, amma fuskarsa ta faɗi sauran. Biyu daga cikinmu har yanzu ba su yarda ba, suna tsoron malam zai rage maki.

To ga roƙon. A ƙarshen fim Baba yana wanke kofuna yana zancen gida, kuma ina son a ji gidan a ƙarƙashin muryarsa. Waƙar wani ba za mu sa ba, an hana saboda haƙƙin mallaka. Na nemi sauti a intanet, duk zakarun da na samu ba irin namu ba ne. Don Allah gobe ko jibi, in an idar da asuba, ka tsaya a bayan gidanku ka ɗaukar mini minti uku da wayarka: daka a turmi, zabi, carar zakara, in an yi sa'a har da kukan jaki daga nesa. Kada ka yi magana, kada ka motsa hannu, ka juya wa iska baya. Ka turo ta WhatsApp a matsayin fayil, don kada ya matse sautin. Ranar Litinin ta sama za mu miƙa.

Ka gaida Inna, ka ce ina nan tafe da goronta. In ka ga dama ka haɗa da muryarta tana kiran awaki, Baba zai fi kowa murna.

Naka har kullum,
Amininka na Agege