Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Kula da Matasan Unguwa

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa 'yan ƙungiya.

Kamar yadda babban taro ya ɗora mana, bana ma mun haɗa kowane matashi da ya yi rajista da babba guda, uban ɗaki ko uwar ɗaki, da yardar iyayensa. Sharaɗin yana nan: a zauna sau ɗaya a mako, a zaure ko a dakalin ƙofar gida inda ido ke gani, 'yan mata kuma cikin gida wurin mata.

Karatu ne ya fi cin lokacinmu. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma har yau ana samun yaron da sunansa na NIN ya saɓa da na takardar WAEC ko NECO. Waɗanda iyayen ɗakinsu suka duba takardun tun da wuri sun gyara kafin a rufe rajista. Waɗanda suka samu gurbin karatu kuma an zauna da su an cike neman bashin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe a 2024.

A ɓangaren sana'a, mun kai wasu koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke nan Kano, wasu ɗinkin takalma a Ƙofar Wambai. Abin da muka lura da shi a nan ya isa a tsaya a kansa. Yaron da aka saya wa kayan aiki aka juya masa baya, sau da yawa ba ya kai labari. Wanda ya ɗore shi ne wanda uban ɗakinsa ke leƙawa shago, ya gaisa da maigidan, ya tambayi yaron ko ya ci abinci, ya saurari ƙorafinsa ba tare da ya katse shi da wa'azi ba. Wani dattijonmu bai taɓa ba yaronsa abin da ya wuce kuɗin adaidaita ba, amma duk Juma'a bayan La'asar suna tare, kuma yanzu yaron da kansa yake canza gilashin waya.

Shaye-shaye kuwa bai sake mu ba. Haramta maganin tari mai kodin da gwamnati ta yi a 2018 bai hana ƙwaya yawo a lungu ba. Wanda abin ya yi wa nisa, likita muke haɗa iyayensa da shi, don nasiha kaɗai ba ta wadatarwa.

Inda muka gaza: iyayen ɗaki mata sun yi kaɗan, wasu manyan kuma sun karɓi yaro da zafi-zafi, daga baya aka daina jin ɗuriyarsu. Gara mutum ya ce ba shi da hali tun farko, da ya saba da yaro sannan ya watsar.

Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta a babban taro. Mai niyyar ɗaukar matashi baɗi, musamman mata, ya ba da sunansa kafin ranar.

Sakataren Kwamiti