Tsakanin Tamale da Wa: Kusa a Sama, Nesa a Ƙasa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na ji shirinku na makon jiya kan filayen jiragen saman arewacin Ghana, inda baƙonku ya ce tsakanin Tamale da Wa ko kilomita 200 bai cika ba. Bai yi ƙarya ba. In aka ja zare a miƙe, wajen kilomita 190 ne, tafiyar da ƙaramin jirgi zai cinye cikin minti 40 ko ƙasa da haka. To amma wane jirgin?

Ni ɗan Wa ne, kasuwanci ya zaunar da ni a Kumasi. Da mahaifiyata ta dawo daga aikin Hajji, na je Tamale tarbarta, tunda tun 2016 alhazan arewa daga can suke tashi, can suke sauka. Ta fito ƙafafunta sun kumbura sumtum, silifas ɗinta a hannu, ga tarin nan da alhazai ke dawowa da shi. Na ce, "Hajiya, bari in nema miki jirgi zuwa gida." Ta ce, "Kai dai ka cika ɓarnar kuɗi." Duk da haka na je na tambaya. Aka ce a ranar babu mai zuwa Wa kai tsaye, sai dai mu gangara Accra mu sake hawowa. Ku lissafa: Tamale zuwa Accra ya haura kilomita 400, Accra zuwa Wa ya haura 500. Kusan dubu ke nan, tikiti biyu, don a je garin da ke maƙwabtaka.

Mota muka shiga. Muka tsallake gadar Yapei, muka karya kwana a Fufulso, sai Damongo, sai Larabanga, inda Hajiya ta sa aka tsaya ta yi salla ta miƙe ƙafa. Daga Sawla zuwa Wa kuwa, duk ramin da muka faɗa sai na ji ta ce "wash" a hankali don kada in ji. Kusan kilomita 300, yini ya tafi.

Na san me za a ce: babu fasinja, jirgi ba ya tashi da kujeru wayam. Na yarda, ni ma ɗan kasuwa ne, ba na sayar da kaya a kan faɗuwa. Amma tun 2019 filin Wa ya fara karɓar jiragen fasinja, an kuma kashe maƙudan kuɗi an faɗaɗa na Tamale har manyan jirage na sauka. Ashe duk an yi ne don kowa ya fuskanci Accra? Mutanen Bolgatanga ma ba a maganarsu, su ko jirgin fasinja ɗaya ba ya sauka musu.

Ba jirgin kullum nake roƙo ba. Lokacin Hajji kaɗai, makonnin tafiya da na dawowa, a sa ƙaramin jirgi ya riƙa jigilar tsofaffi da marasa lafiya tsakanin garuruwan biyu. Sunayensu na hannun hukuma tun watanni kafin tashi, ba sai an yi canke ba. Da yawanmu 'ya'yansu da ke unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi za mu haɗa kuɗin.

Don Allah ku sake gayyato baƙon nan, ku haɗa shi da wani daga hukumar alhazai, ku tambaye su wannan. Zan kira.

Naku mai sauraro,
daga Aboabo, Kumasi